Fartanyar Yaya Hamisu a Jikin Ɗakin Na'ura

Na san abin da kuka taso kuna ji, a gidan nan da kuma gidan Baffanku Hamisu: wai ni na hana yayana taka gonarmu ta gado saboda wani akwati na 'yan boko. Ba wanda ya taɓa faɗa mini a ido, amma ina gani a yadda 'ya'yansa suke gaishe ni a tsaitsaye kamar masu jiran mota. Ban taɓa kare kaina ba, domin ainihin abin da ya faru ya fi jita-jitar nauyi a wurina. Yanzu da gwiwoyina suka fara yi mini gardama, gara in rubuta shi yadda ya kasance, mai jin haushina ya ji shi a kan laifin da na aikata, ba wanda aka laƙa mini ba.

A shekarar da na ajiye alli bayan na daɗe ina koyar da kimiyya a sakandare, wata baiwar Allah ta zo garinmu daga jami'a a birni. Sunanta Malama Safiya, tana karatun digiri na uku, ba za ta girmi babbarku ba. Wuri take nema da za ta ajiye na'ura, nesa da wayar lantarki, nesa da kwalta, nesa da rufin kwano. A ƙasarmu ta Minjibir kuwa wannan ba ƙaramin nema ba ne, don in ka yi jifa daga gonarka a tsakar gidan wani zai sauka. Mai gari ya saurare ta, ya rasa inda maganarta ta dosa, sai ya turo ta wurina, tunda ni ne wanda ake ce wa mai kimiyya. A lokacin, in faɗi gaskiya, zaman gida ya fara isata, kaji kansu sun gaji da ganina, saboda haka na karɓe ta hannu bibbiyu.

A zaure ta yi mini bayani, ni da na yi shekaru ina koya wa yara maganaɗisu na koma ɗalibi. Ta ce can sama, kimanin kilomita ɗari, sama da gajimare, sama da inda jirgi yake bi, akwai iska siririya. Idan hasken rana ya doke ta sai ta zama mai iya ɗaukar lantarki, iskokin da suke kaɗawa a can kuma su tura ta ta ratsa maganaɗisun duniya, sai lantarki ya riƙa gudana daga yamma zuwa gabas, a wani ɗan tsukakken layi da ya bi ta ƙugun duniya. Da hantsi yake tasowa, ya yi ƙarfi sa'ad da rana ta kusa tsakiya, da yamma ya lafa. Mu nan muna gefensa na arewa. Ta ce ita rana ma tana da hali irin na mutane: akwai shekarun da take lafawa, akwai waɗanda fuskarta take fitar da tabo baƙi-baƙi, haskenta ya ƙara kaifi, kuma kusan duk shekara goma sha ɗaya take zagayowa. A irin waɗannan shekaru lantarkin saman yana ƙara ƙarfi, har ya taɓa saƙon rediyo da na'urorin da suke nuna wa matafiya hanya. Wannan shekarar tana cikin masu zafin, ita kuma so take ta auna yadda gefen layin yake amsa zafin. In ta rasa ta, sai ta jira wasu shekaru goma.

Na tambaye ta yadda za a auna abin da yake can daga nan ƙasa. Ta ce lantarkin yana ɗan motsa maganaɗisun da ke ƙasa, motsin da allurar kamfas ba za ta nuna ba, amma na'urarta tana ji, tana rubutawa dare da rana. Sharaɗi ɗaya ne: kada ƙarfe ya matso kusa da ita. Ko makulli ne a aljihu, na'urar za ta ji shi ta haɗa da na sama.

Gonar da ta dace ita ce tamu ta gado, wadda ba mu taɓa rabawa ba. Yaya Hamisu ne yake nomanta, ni nawa shi ne in ci tuwon. Da na kai ta wurinsa ya saurara tsaf, yana gyaran ƙotar fartanya, sannan ya yi tambaya biyu: ko abin zai hana ruwa, ko zai ƙona gero. Ta ce ko ɗaya. Ya ce to, baƙo ba a hana shi taku huɗu na ƙasa, ya nuna mata kusurwar da ke gindin gawo, ya tashi ya tafi alwala. Bayan ya tafi ne ta sake maimaita maganar ƙarfen, ta ce ta bar mini amanar in sanar da kowa. Na ce ta ɗauka an gama.

Aka gina ɗan ɗaki na laka, babu ƙusa ko ɗaya, azara aka ɗaure da igiya, ƙofar ma da igiya take juyawa. Maginin ya yi ta mita, yana cewa tun zamanin kakansa aka daina irin wannan gini. Ta sa aka yi rufin ciyawa mai faɗin baki don kada na'urar ta yi zafi, aka kafa faifan sola da batir can nesa, aka binne waya. Aikina shi ne in goge faifan, in duba batir, ƙarshen wata in ciro ɗan katin da na'urar take rubutu a kai in hau mota in kai mata birni. Kafin in matsa kusa sai in cire agogo da bel da makullai in ajiye a gindin wata geza. Innarku ta yi ta yi mini tsiya, wai na yi ritaya daga makaranta na kama aikin tuɓewa a gona. Na gargaɗi yaran maƙwabta, na gargaɗi masu kiwo, har mai yankan ciyawa na tsayar na yi masa huɗuba. Mutum ɗaya na bari, na ce ai rani ne, ba mai zuwa gona, zan gaya masa a hankali.

Sai kun san wane ne Yaya Hamisu a wurina za ku gane wannan “a hankali”. Ina ɗan shekara bakwai mahaifinmu ya rasu, shi kuwa ya ba ni shekara goma sha biyar. Shi ya ɗora ni a bayan keke ya kai ni makarantar boko, dangi suna ta faɗa, bai tanka wa kowa ba. Shi ya nema mini auren Innarku. Tun da nake ban taɓa zama a tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa ce masa “matsa” ba. Ni da nake daka wa aji guda tsawa su yi tsit, in na zo gabansa harshena sai ya yi nauyi. Babban wa magajin uba ne, wannan kowa ya sani. Abin da ban sani ba shi ne girmamawa tana iya zama mafakar matsoraci.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Shi gawo kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, abin da ya sa manoma suke ƙaunarsa ke nan, ba ya tare wa shuka rana. To amma ba ya ba manomi inuwa. A duk wannan ɓangaren gonar, inuwa ɗaya ta rage, ita ce ta bakin rufin ɗakin na'ura. Wata rana a lokacin noman fari na je wajen azahar don in goge faifan, sai na tarar da Yaya zaune ya jingina bayansa da bangon. A gefensa ga garma, ga fartanya biyu, ga gatari, duk a jingine, daidai ɓangaren da na'urar take ta ciki. Ya ɗago ya yi murmushi.

“Isuhu, ɗakin baƙuwar nan taka akwai sanyi.”

“Sosai kuwa, Yaya.”

Abin da na ce ke nan. Na goge faifan da bai yi datti ba, na koma gida. Na gaya wa Innarku, ta dube ni yadda take duban ku in kun fasa mata kasko. Ta ce wannan ai ba abin da za a kwana ana tunani ba ne, in je in ce ya riƙa barin kayan aikin a gindin gawo, shi ya sha inuwarsa. Ta ce in ba zan iya ba ita za ta gaya wa matarsa. Na hana ta, na ce maganar maza ce, gobe zan yi. Ta ce barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa. Gobe ta zo, sai na ga ai ya fi sauƙi in je gonar da sassafe, in yi abin da ya kai ni in dawo kafin ya fito. Na ce wa kaina wataƙila rana ɗaya ce ya zauna. Ban koma da rana in duba ba, don na san abin da zan gani.

Da na kai katin ƙarshen watan, bayan kwana biyu Malama Safiya ta kira ni. Ta ce layin yana wani irin tsalle wajen tsakar rana, fiye da yadda ta zata, kuma daidai lokacin da lantarkin sama ya fi ƙarfi. Ta tambaye ni, cikin ladabi, ko na tabbata ba mai zuwa kusa da ƙarfe. Na ce babu. Kalma ɗaya ce, ban yi shawara da kowa ba ta fito, kuma har yau ina jin ta a bakina. Ta ce in haka ne, to wataƙila gefen layin yana amsa zafin rana ta hanyar da ba a lura da ita ba a baya. Na ji murna a muryarta tana ƙoƙarin danne ta. Wata na gaba ta ce ta nuna wa malaminta. Wanda ya biyo baya ta ce ta fara rubuta babi guda a kai. Duk ranar da zan kai kati sai in ƙudura a mota cewa yau zan faɗa mata, in shirya kalmomin tun daga tasha, da na shiga ofishin ta kawo mini ruwa ta ce “sannu da hanya, Baba”, sai in miƙa katin in tambayi lafiyar mahaifanta.

Gero ya fitar da kai, sai ga ta wata Laraba da hantsi ba ta yi waya ba. Ta rame. Ta shimfiɗa takardu a tabarmar zaure, kowace da layi mai hawa da sauka, ta jera su bakwai-bakwai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa yatsa a kan ɗaya, ta tsallake shida ta sa a kan wata, ta sake tsallake shida.

“Baba, duba nan. Kullum akwai tsallen, ban da ranar Juma'a. Ran Juma'a layin sumul yake, yadda littafi ya ce. Ita kuwa rana ba ta zuwa masallaci. Don Allah ka taimake ni, wa yake zuwa wurin?”

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ko a ƙarshensa sai da na nemi wata kafa. Na yi tunanin in ce masu kiwo ne, wa zai bincika? Allah ya taimake ni ban faɗa ba. Sai dai abin da na yi ma bai fi shi kyau ba sosai. Maimakon in buɗe baki in ce yayana ne, laifin kuma nawa ne, in je in same shi ni kaɗai, sai na ce ta taso ta gani da idonta. Har a ranar, wani nake so ya faɗi maganar a madadina.

Muka same shi a inda na san za mu same shi, kayan aikin a jingine. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta yi masa bayani a nutse, ta ce ba laifinsa ba ne tunda bai sani ba. Ya saurare ta yadda ya saurare ta ranar farko. Ya tambayi tun yaushe abin yake ɓaci, ta ce tun farkon damina. Ya tambaya ko yana gyaruwa, ta ce na safe da na yamma suna nan, da na ranakun Juma'a, amma tsakar ranar da ta zo nema ya tafi. Ya ce to ta sake aunawa baɗi, shi ba zai ƙara matsowa ba. Ta ce baɗi rana ta fara lafawa, irin wannan shekarar sai nan da wasu goma. Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, na ɗauka nauyin maganar ne. Ya roƙe ta gafara, tsoho da furfurarsa a gaban sa'ar 'yar cikinsa, har ta fara share ido. Sannan ya juyo wurina.

“Kai ka sani?”

“Na sani, Yaya.”

“Tun yaushe?”

“Tun noman fari.”

“Isuhu, na kai ka makaranta ne don ka san abin da ban sani ba, ka dawo ka gaya mini. Ashe kai ka ɗauke ni mutumin da ba a iya gaya wa gaskiya. Ka bar ni wata huɗu ina ɓata wa baƙuwa aiki a ƙasar ubanmu.”

Ya tattara garmar da fartanyoyin, na miƙa hannu zan karɓa ya kauce, ya saɓa ya bi ta cikin gero. Daga ranar bai sake taka wannan gona ba. 'Ya'yansa suka yi girbi, shi ya koma ɗan fegin da ke bayan gidansa. Mutane suka ga an zo da baƙuwa daga birni, an tsaya a gona, tsoho ya fito da kayansa a kafaɗa bai koma ba, sai suka haɗa labarin da kansu. Shi ba mai yawan magana ba ne, bai gyara musu ba. Ni kuma gyarawar tana nufin in faɗi abin da na yi, sai na sake yin abin da na iya, na yi shiru. Muna gaisawa a masallaci, in na je gidansa yana amsa sallama, ya tambayi yara. Amma hirar da muke yi bayan la'asar a ƙofar gidansa, ni a ƙasa shi a kan buzu, ta mutu. Na yi kewarta fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ita Malama Safiya na nemi gafararta a ranar, a hanyarmu ta dawowa. Ta ce ta yafe, amma ba ta dube ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta yaga babin da ta rubuta, ta je ta gaya wa malaminta da bakinta, ta sauya fasalin binciken, abin da ya ƙara mata shekara biyu. Na zaci za ta kwashe na'urarta. Ba ta kwashe ba, ta bar mini aikin, ta dai ce in riƙa rubuta duk wanda ya gitta ta wurin, ko akuya ce. Wannan amincewar ta fi zagi yi mini ciwo.

Yaya Hamisu bai ga wata daminar ba. Bayan an gama sussuka numfashi ya fara yi masa wuya a fili, ƙafafunsa suka kumbura, muka kai shi asibiti a birni, likita ya ce zuciya ce kuma ta daɗe tana gajiya. Ya tambaye mu me ya sa ba a kawo shi da wuri ba. 'Ya'yansa suka ce bai taɓa cewa komai yana damunsa ba, kuma gaskiyarsu ne, kullum da safe yana saɓa fartanya ya fita. Na yi jinyarsa, ya bar ni na riƙa ɗaga shi ina ba shi ruwa, ranar da na roƙe shi gafara ya ɗaga hannu ya ce ya wuce. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta.

Ran sadakar bakwai Malama Safiya ta zo gaisuwa. Bayan ta fito daga wurin mata ta nemi ganina a zaure, ta ciro wata takarda daga jaka, ta riƙe ta ta kasa miƙowa. Ta ce ta yi ta shawara ko ta nuna mini ko ta bari. Ta ce layin waccan daminar bai yi mata amfani a kan sama ba, amma yana nuna lokacin da ƙarfe ya zo jikin bango da lokacin da ya tashi, kullum, ba kuskure. Ta jera su ne tun a lokacin don ta ga abin da za ta iya tsira da shi, ba ta san abin da take kallo ba sai da ta ji rasuwar.

“A farkon damina, Baba, rabin awa yake zama. Da aka shiga maimai ya koma awa ɗaya da wani abu. A watan ƙarshe tun da hantsi yake zuwa, ba ya tashi sai bayan azahar.”

Na karɓi takardar. Ba sai an koya mini karanta ta ba, tsallen yana ƙara faɗi daga sama zuwa ƙasa, mako bayan mako. Mutumin da na sani tun ina yaro ba ya zama a gona sai don salla da shan fura. Ban ce da na je da na tsawaita masa kwana ba, rai na Allah ne, kuma kowa da ranarsa. Amma da na je sau ɗaya da tsakar rana na ce masa, Yaya, kawo fartanyar in ajiye maka a gindin gawo, da na ji yadda yake numfashi. Da na zauna kusa da shi. Wata huɗu yayana yana jingine da bangon nan shi kaɗai yana neman iska, ni kuwa ina zagayawa ta bayan gona da sassafe don kada mu haɗu.